Duwatsun Mashigi

Duk wanda ya ba ku labarin nan a garinmu zai ce muku wai son kogi ne ya sa na tare matasa, wai tun ina ƙarama ni mai son kifi da tsuntsaye ce. Ƙarya ce. Wasu kuma suna cewa a Sabon Tasha ta Kaduna na kwaso wannan ra'ayi, wurin masu karatu da ke hana sare itace. Wannan ma ƙarya ce. Abin da na koya a Sabon Tasha shi ne auna garin rogo da mudu, da faɗa da masu mashin. Ni kogin nan ban taɓa sonsa ba. Ga sanyi, ga santsi, ga ƙananan ƙudaje masu cizon ƙwauri har jini ya fito. Saboda dutse guda na yi abin da na yi, dutsen kuma na kakata ne.

Bayan na gama sakandare aka tura ni shagon antina a Sabon Tasha. Ba ta iya jure bakina ba, ni ma ban iya jure nata ba, sai na dawo Kafanchan wurin iyayena. Ban daɗe ba Baba ya ce tunda zaman banza nake yi, in tafi ƙauye in zauna da mahaifiyarsa, don idonta ya fara dushewa. Haka na tsinci kaina a ɗakin Kaka daidai lokacin tonon citta.

Wanda bai san garinmu ba, kogi ya ratsa tsakanin gidaje da gonaki. Wurin da ake ƙetarewa muna ce masa mashigi. Duwatsu ne jere daga wannan gaɓa zuwa waccan, ba a kan layi ba, wani nan wani can kamar haƙoran tsohuwa. A nan mata ke zube buhunan citta cikin ruwa, su tattake ta da ƙafa har jar ƙasa ta fita, sannan a kai ta kan fa a tsaga a shanya. Ni da duk sa'o'ina mun ɗauka ambaliya ce ta watso duwatsun tun fil azal. Ba wanda ya taɓa tambaya.

Kaka ba ta iya wankin citta kuma, amma kullum da safe sai ta ce in kai ta. Ina riƙe da hannunta har bakin ruwa, daga nan sai ta fizge. Da tafin ƙafa take lalube, ta taka wannan, ta tsallake wancan, har ta kai wani baƙin dutse mai faɗi kamar faifai, da farin zane ya ratsa tsakiyarsa. A kansa take zama, ta zuba ƙafafu cikin ruwa. In na fara mita cewa rana na yi, sai ta ce in rufe bakina har zalɓe ya sauka, in ya sauka mu tafi.

Ni da jira ba ma ga maciji. Kwanakin farko ji nake kamar in ɗauki tsakuwa in jefi sama ko tsuntsun zai faɗo. Amma in mutum ya rasa abin yi, idonsa kan nemi aiki da kansa. Na fara lura da tururin da ke tashi daga ruwa da sassafe, yana bin gindin tukurwa a hankali kamar mai neman wani abu da ya yar jiya. Ƙananan kifaye sukan taru a dugadugan Kaka suna tsattsagar kaushi, ita kuwa tana lumshe ido. Akwai wani ɗan tsuntsu mai shuɗin baya da jan baki, yakan zauna a reshe guda ba motsi, sai ka ga ya faɗa ruwa kamar an harbo shi, ya fito da abu mai walƙiya a baki. Guza na fitowa shan hantsi a kan wani gungume, yana kallonmu da gefen ido kamar mun ci masa bashi. Wata safiya kuma na ga kai mai gashin baki ya ɓullo tsakanin duwatsu, riƙe da ƙaguwa a hannu biyu yana ɓarzarta. Na ce, Kaka, ga wani abu kamar kyanwa a ruwa. Ta ce karen ruwa ne, in gaishe shi, don ya riga ubana zuwa garin nan.

Shi zalɓen ba ya sauka sai duniya ta yi tsit. Yakan zo daga yamma, fukafukai a buɗe, ƙafafu a baya, ya dira a ƙarshen mashigi ya tsaya da ƙafa ɗaya. Kaka ba ta ganinsa, amma iskar saukarsa take ji a fuska. Sai ta miƙo hannu ta ce, to, mu je gida.

Wata Lahadi bayan wa'azi, shugaban matasa ya tashi yin sanarwa. Ajinmu ɗaya da shi a sakandare, yanzu yana sayen citta yana kaiwa kasuwa da mashin. Ya ce matasa sun gaji da wahalar mashigi. Ya tuna wa jama'a daminar bara, da aka ɗauko wata mai naƙuda daga gona a kan ƙyauren ƙofa, ruwa har ƙirjin masu ɗauka. Ya ce an sami siminti da ƙarfe, za a yi kwalbati, kuma Allah ya riga ya ajiye mana duwatsu a wurin kyauta. Ranar Asabar kowa ya fito da guduma a farfasa su a zuba a tushe. Ikilisiya ta tafa. Ni ma na tafa, har da cewa amin da ƙarfi.

Da muka koma gida na dafa faten acca, Kaka ta ture kwanon. Washegari ma haka. Ba ta ce in kai ta kogi ba. Ta zauna a bakin ƙofa ta juya fuska wajen gonaki. Na tambaye ta ko ciki ne, ta ce a'a. Ko jiri ne, ta ce a'a. Raina ya ɓaci, na ce ta faɗa mini abin da ke damunta ko in kira Baba ya zo ya kai ta asibiti a yi mata allura.

Ta ce, "In sun fasa shi, ta ina zan koma?"

Na ce, "Ki koma ina, Kaka? Gidanku na Kagoma ai ya zama gonar doya."

 Sai ta fara magana da yarenmu, a hankali, kamar tana gaya wa bango. Ta ce ba ruwa ne ya kawo duwatsun ba, mata ne. A da, in za a kawo amarya garin nan daga wani gari, 'yan'uwanta maza sukan ɗauko dutse daga ƙasar ubanta su biyo ta da shi. In an iso mashigi, ita da hannunta za ta tura shi cikin ruwa, ta taka shi ta ƙetare. Ma'anarsa, ba akuya aka sayo ba. Hanyar da ta shigo da ita tana nan, kuma tata ce. In miji ya dame ta, ba ta yaji zuwa gida, kan dutsenta take zuwa ta zauna. Duk macen da ta zo ɗiban ruwa za ta gan ta, kafin rana ta take gari ya sani. Miji ba shi da ikon shiga ruwa ya jawo ta. Daga gaɓa zai tsaya ya roƙa, mata na kallo. Ta ce kakana ya tsaya a gaɓar nan ba sau ɗaya ba, wata rana har da ƙwaryar zuma a hannu, ƙudan zuma na binsa, ita kuwa ta bar shi ya sha harbi kafin ta tashi. Nan ta yi 'yar dariya, sannan dariyar ta ɗauke.

Ta ce ranar da mace ta mutu, kafin a kai ta makwanci, mata sukan sauka kogi su juya dutsenta. Fuskar da ta sha rana ta koma cikin ruwa ta huta. Ta ce tun tana amarya take ganin ana yi wa wasu, kuma duk shekarun nan abin da take jira ke nan.

Na tambaye ta don me ba wanda ya taɓa gaya mana. Ta ce da aka yi titi ya zagayo ta babbar gada, amare suka fara zuwa a mota da farar riga, ba sa bin mashigi. Wasu kuma suka fara cewa tsafi ne. Tsofaffi suka ji kunya, suka yi shiru, suka ci gaba da juya na 'yan'uwansu da sassafe ba tare da an sani ba.

Ban tsaya wanke hannu ba na nufi wurin shugaban matasa. Na same shi yana ɗaure buhuna a bayan mashin. Na zayyana masa komai a tsaye, ba ko gaisuwa. Ya saurara yana murmushi, ya ce, "Sista, abeg, dutse dutse ne. Kakarki za ta goya mai naƙuda ta ƙetare da ita?" Na ce masa tun muna aji kansa ya fi dutsen tauri. Ya yi dariya ya tada mashin.

Ranar da zumuntar mata ke taruwa na shiga coci na zauna a baya. Ba wurina ba ne, ba ni da aure. Da aka gama waƙa na miƙe na ce ina da magana. Na faɗe ta gaba-gaɗi. Matan da ke tsarar mahaifiyata suka fara kallon juna, wata ta ce wannan yarinya Kaduna ta ɓata ta, wata ta ce mu da muka fito daga duhu ba za mu koma ba. Tsofaffin da ke benci na gaba ba wadda ta ɗaga kai. Kowacce tana gyara bakin zanenta. Matar fasto, wadda ba 'yar garinmu ba ce, ta juya wurinsu ta tambaya ko ana yanka wani abu a kan duwatsun, ko ana zuba jini, ko ana roƙon wani. Wata tsohuwa mai sanda, ƙawar Kaka, ta ce, "Zama kawai ake yi, Mama." Matar fasto ta ce to zama ai ba zunubi ba ne, mu je mu gani da idonmu ranar Jumma'a da yamma.

Da muka isa ranar, matasa sun riga mu. Sun kawo gudumomi da ƙarafan ɓanɓara don shirin gobe, har sun gwada hannu a kan duwatsun da ke bakin gaɓa, sun farfasa 'yan kaɗan. Mata suka cika gangaren, yara na bin su, wasu maza suka tsaya daga nesa da fartanya a kafaɗa. Surutu kamar kasuwar Gwantu. Na riga na shirya abin da zan faɗa, da zafinsa. Amma Kaka ta matse hannuna, ta ɗaga murya ta ce kowa ya yi shiru har zalɓe ya sauka.

Ban san abin da ya sa suka bi maganarta ba. Wataƙila don ba a saba jin muryarta a taro ba. Shiru ya fara daga gaba yana komawa baya, har aka bar ƙarar ruwa ita kaɗai. Rana ta karkata, haskenta ya shigo ta tsakanin tukurwa ya kwanta a kan kogin, ruwan ya koma kalar manja. Mutanen da aka haifa a bakin kogin nan, suka tsufa suna tattaka citta a cikinsa, suka tsaya suna kallonsa kamar baƙi. Ɗan shuɗin tsuntsun nan ya faɗa ruwa ya fito. Wata kififiya ta leƙo da hanci ta koma. Na ji wani dattijo a bayana yana raɗa cewa shi ya ɗauka sun ƙare tun yana saurayi. Ni kaina na manta da jawabina. Ji na yi kamar dukanmu muna cikin mafarki ɗaya, wanda ba mu san waye ke yinsa ba.

Sai ga zalɓen daga yamma. Ya zagaya sau ɗaya, ya ga taro, na ce a raina ba zai sauka ba. Ya sauka.

Kaka ta saki hannuna ta shiga ruwa. Ta taka wannan, ta tsallake wancan, ta zauna a kan baƙin dutsenta. Tsohuwa mai sanda ta bi bayanta. Sai wata, sai wata, suna tattare zane zuwa gwiwa, suna lalube da ƙafa. Kowacce in ta sami nata sai ta dafa shi ta faɗi garin ubanta, ba da ƙarfi ba, kamar mai amsa gaisuwa. A lokacin na ga abin da ban taɓa gani ba duk safiyoyin nan: duwatsun ba iri ɗaya ba ne. Akwai baƙaƙe masu sheƙi, akwai jajaye masu ramuka, akwai farare masu ƙyalli kamar an barbaɗa gishiri. Duk ƙasar da ke kewaye da mu tana kwance a mashigin nan, mata sun kawo ta ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda ba a zauna a kansu ba, tsofaffin suka riƙa nunawa suna faɗin ta gidan wa ce, da shekarar da aka juya, ko shekarar da fara ta ci gonaki, ko shekarar da jirgin ƙasa ya daina zuwa kullum.

Shugaban matasa yana tsaye a tsakiyar mashigi, ya jingina ƙarfensa a kan wani dutse mai kusurwa huɗu, wanda daga gani sassaƙa shi aka yi. Ɗazu na ji yana gaya wa yaransa da wannan za a fara, don ya fi kyau da gini. Tsohuwa mai sanda ta dube shi ta ce, "Ɗana, ɗauke ƙarfenka. Uwar ubanka ce nan. Mu muka juya ta."

Ta ce ita kakar tasa 'yar ma'aikacin jirgi ce, a barikin Kafanchan aka haife ta, ubanta ya zo daga nesa, ba shi da gona ba shi da tudu a ƙasar nan. Da za a kawo ta aka yi ta mata dariya, wai amarya ba dutse. Sai yayyenta suka je gindin gadar jirgi suka samo ragowar duwatsun da aka sassaƙa lokacin gini, suka ɗauko ɗaya a kan itace, suna canjin kafaɗa har nan. Ta ce ba amaryar da ta ƙetare da fahari kamar ita.

Ya ɗauke ƙarfen. Ya durƙusa ya sa hannu a gefen dutsen, cikin ruwa, inda fuskar ta koma. Wata ƙaguwa ta fito daga ƙarƙashi, cikinta cike da ƙwai, ta bi ta kan yatsunsa ta wuce. Ya daɗe a haka. Da ya miƙe bai dube ni ba, matar fasto ya duba, ya ce, "To Mama, mai naƙuda fa?"

Gaskiya ce ya faɗa, kuma ba wanda ya musa. Aka tsaya nan a gaɓa ana ta ja-in-ja har rana ta kusa faɗuwa. A ƙarshe dattawa suka ce a sauko da kwalbatin can ƙasa kusa da kanya, a fasa dutse daga tudu a kawo. Wurin ya fi faɗi, aikin ya ninka, simintin bai isa ba sai da aka jira wata kaka. Har yau akwai matasan da in na wuce sukan ce ga uwar duwatsu nan, ita ta karya mana baya. Ba na tanka musu ko da yaushe.

Abin da ba a faɗa a labarin shi ne, ba kowacce ce ta dace ba. Wata tsohuwa ta yi ta lalube a bakin gaɓa ba ta sami nata ba, yana cikin waɗanda aka gwada guduma a kansu. Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Ta tsinci ɓaraguzai biyu jajaye ta ɗaure a bakin zanenta ta hau gangare. Duk sanda na gan ta a coci ina ganin ƙullin.

Tun daga ranar mutane suka fara zuwa mashigi ba da buhu ba. Ranar Lahadi da yamma sai ka ga iyali zaune a gaɓa suna jiran zalɓe. Malamin firamare ya kawo 'yan ajinsa, tsofaffi na ba su labarin duwatsu, ni kuma, ni da ba a taɓa sanina da shiru ba, aka ɗora mini aikin hana su surutu. Mata sun daina wanke bututun feshin ciyawa a sama da mashigi, tun da suka ji a nan ƙaguwa ke ƙyanƙyasa. Karen ruwan ma an sake ganinsa, yanzu kowa na rantsuwa shi ya fara gani.

Kaka ta koma cin abinci. Wata safiya muna zaune, ƙafafunta cikin ruwa, na ce mata ta kwantar da hankalinta, in ranar ta zo ni zan juya mata dutsen da hannuna. Ta girgiza kai. Ta ce ba a yarda yarinyar da uwarta ba ta da dutse a ruwa ta taɓa na wata ba. Ni kuwa Mamata a mota aka kawo ta daga Gwantu. Ƙawayenta kuma, in ji ta, ba wadda ta rage da ƙarfin ɗaga ko tulu.

Na ce wannan wace irin doka ce, wa ya kafa ta. Ta ce in tambayi kogi.

Da yamma na kira Mama a waya na gaya mata. Ta yi dariya har da tari, ta ce ni da surukarta mun haukace tare, ita da ta yi aure a coci da zobe me za ta yi da dutse, kuma ko Babana ya dame ta ba za ta zauna a ruwa sanyi ya kashe ta ba. Na ce ni dai na faɗa mata. Ina jin ƙarar rediyonsu. Sannan ta ce in dai zan je Gwantu neman dutsen, kada in ɗauko na bakin hanya. A bayan gidan kawuna akwai wani fa inda suke shanya gwaza suna yara, a gindinsa akwai wasu masu ruwan toka, masu laushi a tafin ƙafa.

Na riga na yi magana da shugaban matasa, ya ce mashin ɗinsa na ɗaukar buhu biyu na citta, dutse ɗaya ba zai gagare shi ba, amma ni zan riƙe shi a cinya. Ranar kasuwar Gwantu za mu tafi. In mun dawo, zan je Kafanchan in taso Mama, ko tana so ko ba ta so, ta zo ta tura shi da hannunta ta taka ta ƙetare, Kaka na zaune a kan nata tana ji.